Kuɗin Famfo Iri Ne, Ba A Cin Sa

 

Kaka ta yi, dammuna sun shiga rumbu, wake da gyaɗa sun fara fita kasuwa. Yanzu ne kuɗi ke ɗan kwana a aljihun manomi. Saboda haka yanzu ne ya dace mu yi wata magana da ba a cika son yin ta a taron gari ba. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin da gari zai riƙa ajiyewa saboda kayan da ya mallaka tare: famfo, injin niƙa, rumbun tsimi, mangazar ƙungiya. Zan tsaya a kan famfo, don shi ne in ya tsaya kowane gida yake ji a jikinsa. Amma abin da zan faɗa ya shafi sauran duka.

Ga ra'ayina tun da fari, ɗan'uwa, don ka san inda na dosa. Duk garin da ke da famfo ya kamata ya san ranar da kowane ƙarfe na famfon zai ƙare, ya san kuɗinsa, ya riƙa ware rabon kowace shekara a wuri dabam, kuma kada a taɓa wannan kuɗi don wata hidima, kome kyanta.

Abin da ka riga ka sani

Ba sabon karatu na kawo maka ba. In ka gama girbi, kafin uwargida ta fara sussuka, kana zaɓen zangarniya masu kyau, ka ɗaure su dabam, ka sa a ƙasan rumbu ko ka rataye a ɗaki. Wannan iri ne. Baƙo ya zo, ba a dama masa fura da shi. An yi suna, ba a taɓa shi. Wanda yunwa ta sa ya ci irinsa, kowa ya san halin da yake shiga ranar da ruwan shuka ya sauka: maƙwabta na gona, shi yana yawon neman rance, tiya ɗaya a biya biyu.

Gwamnati ma haka take yi. Tun 1970 aka kafa ofishin OPVN, kuma cikin ayyukansa akwai ajiye cimakar tsaro saboda shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da ƙarancin cimaka na 2005 ba sai an yi musu bayanin amfanin ajiya ba.

To, don me muka iya ajiye irin hatsi, amma muka kasa ajiye irin famfo?

Famfo yana ƙarewa kullum

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 don neman ruwan sha mai tsabta ga kowa. A lokacin, da bayansa, an haƙa foraji da yawa a karkarar ƙasarmu, aka ɗora musu famfuna. Akwai na hannu irin su India Mark II, akwai na takawa da ƙafa irin su Vergnet. Kusan ko'ina an kafa kwamiti, an zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda. Ka duba garuruwan da ke kewaye da kai ka ƙidaya da kanka: nawa ne ke aiki, nawa ne awaki ke kwana a gindinsu? Sau da yawa ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya mutu ƙarfe ne, kuma ranar da ya mutu an buɗe akwati an tarar babu kome.

Muna cewa "famfo ya lalace jiya". Ba jiya ya lalace ba. Duk jarkar da aka cika tana cin wani abu daga jikinsa. Roba tana suɗewa, sarƙa tana saki, bututu yana tsatsa a cikin ruwa inda ido ba ya gani. Wanda ya sha ruwa yau ya ci rabonsa na ƙarfen nan. In bai biya ba, bashi ya bari, kuma wanda zai biya shi ne wanda ke gari ranar da abin ya tsaya.

Ka kuma san wa ke fara biya. Matarka ce da ƴarka, waɗanda za su koma rijiya mai nisa tun asuba, ko su ɗebo na tafki. Yarinya ta bar lakwal saboda ɗiban ruwa. Zawo ya shiga yara. Mutanen Madarunfa ba su manta da kwalarar 2018 ba. A watan Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da kurkunu, kuma ruwa mai tsabta yana cikin abin da ya kawo wannan nasara. Bai kamata ƙarfen jika ɗari da hamsin ya maida gari ga ruwan tafki ba.

Labarin wani bene a Amurka

Kada ka ɗauka wannan ciwo na talaka ne kaɗai. Bari in ba ka labarin masu kuɗi.

A Amurka fiye da mutum miliyan 70 suna zaune a unguwanni ko benaye inda kowa ke da gidansa, amma wasu abubuwa na kowa da kowa ne: rufin bene, ginshiƙai, hanya, bututun ruwa. Masu gidajen suna da ƙungiya, suna zaɓen kwamiti daga cikinsu, kowane gida yana zuba kuɗi duk wata. Wani kashi na hidimar yau da kullum ne, wani kashi na ajiya ne saboda babban gyara. Ka ga ai kwamitin famfonmu ke nan, sai dai nasu kayan ya fi girma.

A garin Safsayid, kusa da birnin Mayami a jihar Fulorida, akwai wani bene a bakin teku mai hawa 12, da gidaje 136 a cikinsa. An gina shi a 1981. A 2018 wani injiniya ya duba shi, ya rubuta cewa ruwa yana ratsa daɓen da ke kewaye da wurin wankansu, siminti ya lalace ƙwarai, a gyara da wuri. An kiyasta aikin zai ci wajen dalar Amurka miliyan 9. (Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma 5 ba.) A 2020 masu lissafi suka duba asusun ajiyar ƙungiyar, suka tarar abin da ke ciki bai kai kashi 7 bisa 100 na abin da ya kamata a ce an tara ba. Aka yi ta taro, aka yi ta gardama, wasu ƴan kwamiti suka ajiye aiki. Kafin a daidaita, ɓarna ta ƙaru, kuɗin aiki ya hau. A watan Afrilu 2021 aka yanke cewa masu gidajen za su biya dalar Amurka miliyan 15, wato wajen biliyan 8 na sefa a canjin lokacin. Gida mafi ƙanƙanta ya tashi da wajen dalar Amurka 80.000. Ran 24 ga Yuni 2021, cikin dare, wani ɓangare na benen ya rufta. Mutum 98 suka rasu.

Masu bincike na gwamnatinsu sun gano cewa tun wajen zanen ginin da aikinsa na farko akwai rauni, don haka ba rashin ajiya kaɗai ba ne ya kada shi. Amma an ga ɓarna shekara 3 kafin ya faɗi, kuma babu kuɗin da za a kama aiki nan take. A da, dokar jihar ta yarda masu gidaje su kaɗa ƙuri'a su ce bana ba za mu zuba kuɗin ajiya ba, kuma da yawa sun riƙa yin haka don kuɗin wata ya yi sauƙi. A 2022 jihar ta yi sabuwar doka: benen haɗaka mai hawa 3 ko fiye, a lissafa kuɗin sabunta muhimman sassansa aƙalla sau ɗaya duk shekara 10, kuma aka toshe hanyar yafe wa kai wannan ajiya da ƙuri'a. Daga baya an yi wa dokar gyare-gyare, don nauyin ya faɗo wa mutane da yawa a lokaci guda, musamman tsofaffi masu cin fansho.

Waɗannan mutane suna da banki, suna da injiniyoyi, kowa ya yi karatu. Abin da ya kama su shi ne abin da ke kama mu: kayan kowa ne, ba mai son ya zama shi ne ya ce a ƙara kuɗi, kowa yana fatan abin ya kai baɗi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aljihu biyu

Mataki na farko shi ne a raba kuɗin ruwa gida biyu.

Aljihu na ɗaya na hidimar yau da kullum ne. Daga nan ake sayen girisin da ake shafa wa sarƙa duk wata, da roba, da ƙananan kusoshi, a biya ladan mai gyara da na mai tsaron famfo, a sayi littafi da alƙalami. Wannan kuɗi yana shiga yana fita cikin shekara.

Aljihu na biyu na sabuntawa ne. Shi ne iri. Ba a buɗe shi sai ranar da babban ƙarfe ya ƙare.

In kuɗin biyu suna akwati guda, ga abin da ke faruwa. Sabon famfo yakan yi shekara biyu ko uku bai nemi kome ba. A buɗe akwati a ga jika ɗari uku. Sai wani ya ce: "Famfo ya yi riba." A sayi tabarmin taro, a yi wa baƙi abinci, a ranta wa wane zai tafi ci-rani. Alhali kuɗin nan na bututun da ke tsatsa a ƙasa ne, mai shi bai zo karɓa ba ne tukuna.

Yadda ake lissafin

Ɗauko littafinka da alƙalami. Ku kira mai gyaran famfo na yankinku, ku biya shi ladansa, ya zauna da kwamiti. A kan kowane sashe na famfo ku yi masa tambaya uku: Nawa ne kuɗinsa yau, har da kuɗin mota da na ɗaurawa? Shekara nawa yakan yi a irin ruwanmu? Namu shekara nawa ta rage masa? Sannan ku raba kuɗin da yawan shekarun.

Ga misali. Adadin da na sa na koyon lissafi ne kawai. Naku zai fito daga bakin mai gyara da mai sayar da kaya, don zurfin foraji da irin ruwa da yawan masu ɗiba suna canza kome. A ce gari mai gida 80 yana da sabon famfon hannu guda:

1. Sarƙa da kayan hannun famfo: jika 45, shekara 3. Rabon shekara: jika 15.
2. Silinda da ke can ƙasa cikin ruwa: jika 150, shekara 5. Rabon shekara: jika 30.
3. Bututu da sanduna: jika 280, shekara 7. Rabon shekara: jika 40.
4. Daɓen siminti da magudanar ruwa: jika 200, shekara 10. Rabon shekara: jika 20.
5. Kan famfo gaba ɗaya: jika 600, shekara 15. Rabon shekara: jika 40.

In ka tara, jika 145 ke nan a shekara. Ƙara jika 15 saboda kaya na hawa, ya zama jika 160. Raba wa gida 80: kowane gida jika 2 a shekara. In wata-wata za a biya, dala 35 ta isa har da ɗan saura. A ce hidimar yau da kullum tana cin jika 60 a shekara, wato dala 150 a kan kowane gida. Duka-duka, gida zai biya 2.750 F a shekara.

Yanzu duba ɗaya hanyar. Ba a ajiye kome ba. A shekara ta bakwai bututu ya huje, aka fiddo, aka tarar silinda ma ta gama. Jika 430 ake nema, cikin mako guda. Kowane gida 5.375 F. Kuma yaushe famfo ya fi tsayawa? Da bazara, lokacin da tafkuna suka ƙafe, dabbobi da mutane suka taru a kansa dare da rana. A lokacin rumbu ya yi ƙasa, samari suna ci-rani, mai ɗan abin hannu yana tanadin shuka. Gida 30 su biya, gida 50 su ce sai an kwana biyu. Waɗanda suka biya su yi fushi su karɓe kuɗinsu. Famfo ya shekara a tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka lura da tambaya ta uku, don ita aka fi mantawa. In famfonku ya riga ya yi shekara 4 ba ku ajiye kome ba, bututun shekara 3 ta rage masa. Jika 280 za ku raba da 3, ya ba ku wajen jika 93 a shekara maimakon 40. Kowace shekara aka jinkirta, nauyin yana ƙaruwa a kan shekarun da suka rage. Kada wannan ya kashe muku jiki. Ku fara da sashen da ya fi kusa ƙarewa.

Kuma a sake lissafin duk shekara bayan kaka. Dattawa suna tune da watan Janairu 1994, da aka karya darajar sefa: faran Faransa guda da ake saye tamma 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Kayan famfo daga waje suke zuwa, suka yi tsada. Lissafin da aka yi shekara biyar da suka wuce ba zai saya maka ƙarfen yau ba.

Wa zai biya, kuma yaushe

Wasu garuruwa sun fi son a biya a bakin famfo. A misalinmu, in ana cika jarka 200 a yini, kowace dala ɗaya, kwana 300 a shekara, jika 300 ke nan. Cire 160 na ajiya da 60 na hidima, 80 ta rage don ladan mai tsaro. Wato fiye da rabin abin da ya shiga na aljihu na biyu ne. A ware shi duk mako, kada a jira ƙarshen shekara.

Wasu sun fi son a biya sau ɗaya da kaka, da kuɗi ko da hatsi. Wannan ya dace da manomi, don a lokacin ne yake da shi. In da hatsi ne, a auna da tiya a gaban jama'a, a rubuta, a sa ranar sayarwa tun a taro, kuɗin ya wuce asusu kai tsaye.

Ba na cewa kowane gida ya biya daidai da kowane. Mai shanu 20 da ke shayarwa a famfo ya fi cin ƙarfe bisa gwauruwa mai jarka biyu. Ko a benen da na ba ka labari, mai babban gida ya fi mai ƙarami biya. Ku sa kuɗin dabba dabam, na mai buga bulo dabam. Wanda gari ya san ba shi da hali, a yafe masa a fili, a rubuta, sauran su ɗauki rabonsa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a rage jimillar. Ƙarfe bai san wane talaka ne ba.

Abin da masu ƙi ke cewa

Akwai masu cewa: "Ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi." Gaskiya ne ruwa kyautar Allah ne. Amma da can da muke ja a rijiya, wa ke saya maka guga da igiya? Kai ne. In igiya ta tsinke ba ka ce a jira gwamnati ba. Famfo guga ne na gari duka.

Akwai masu cewa: "Puroje ne ya kawo, shi zai gyara." Puroje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Shekara uku, shekara biyar, motocinsa sun tafi. Ko an samu wani sabo, garin da ya nuna littafi da kuɗi a asusu shi ake fara saurara.

Akwai masu cewa: "Yaya za a bar kuɗi kwance alhali mutane na cikin matsi? A ranta mana, mu maido da riba." Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Mutum yana ganin ɗansa ba lafiya, ga kuɗi a akwatin gari. Amma ka yi tunani: shekarar da aka fi neman rance ita ce shekarar da aka fi kasa biya, kuma ita ce shekarar da famfo ya fi shan wahala. Ma'aji ba zai iya kai ƙarar kawunsa ba. Buƙatar rance gaskiya ce, a yi mata nata asusu. Mata sun nuna mana hanya: tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zubi duk mako suna ranta wa juna, ya bazu har ƙasashe da yawa. Mai son rance ya shiga irin wannan. Kuɗin famfo a bar shi inda yake.

Akwai masu cewa: "A sayi tumaki da kuɗin, su hayayyafa." Dabba tana mutuwa, ana sace ta, kuma a shekarar fari farashinta faɗuwa yake yi. Ranar da famfo ya tsaya kuɗi ake nema a hannu, ba a jira ranar kasuwa ba.

Sai magana mafi girma, wadda ba a cika faɗa a taro ba, sai a bayan fage: "In mun tara, wani zai ci." Wannan tsoro yana da dalili. An sha tarawa a garuruwa da yawa, kuɗi ya bi iska, ba wanda ya yi bayani. Maganinsa shi ne a tsare kuɗin ta hanyar da ko mutumin kirki ba za a jarrabe shi ba.

Yadda za a tsare amana

Kada kuɗin ajiya ya kwana a ɗakin mutum ɗaya, kome dattakunsa. Tsare shi ne kuka yi, don ranar da ɗan'uwansa ya zo da kuka ba zai iya cewa babu ba.

A buɗe ajiya da sunan kwamiti a banki ko a asusun ajiya da bashi wanda hukuma ta ba izini. Ku tambaya a ofishin magajin gari kafin ku zuba, don an taɓa ganin asusun da ya rushe da kuɗin mutane. A sa hannun mutum uku, kada a fidda ko dala sai biyu sun sa hannu, kuma kada su zama ƴan gida ɗaya. In banki ya yi nisa, a yi akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, akwatin a gidan na huɗu, kafin a samu mai zuwa birni.

A sa mata a cikin masu riƙe makulli da masu sa hannu. Su ne ke bakin famfo kullum, su ne ke fara jin ƙarar da ta canza, su ne ke wahala in ya tsaya.

Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam. Duk abin da aka saya a karɓo takardar shaida. Duk wata uku a tara gari, maza da mata, a karanta da ƙarfi: ga abin da ya shiga, ga abin da ya fita, ga abin da ya kamata a ce yana aljihu na biyu, ga abin da ke ciki. A nuna takardar banki kowa ya gani.

A kuma rubuta doka tun yau, tun ba a shiga matsi ba, maigari da liman su shaida: ba a fidda kuɗin sabuntawa sai don sassan da aka lissafa. Ko taron gari bai da ikon ya ce "bana a yafe". Wannan ƙofa ce mutanen Fulorida suka bari a buɗe har sai da aka yi asarar rayuka.

In garinku shato ne da shi

Garuruwa da yawa yanzu suna da shato da famfunan unguwa, wasu da inji mai shan gazuwal, wasu da hasken rana. Dokar ruwa ta ƙasa ta ran 1 ga Afrilu 2010, da tsarin da ya biyo bayanta, sun ɗora kula da ruwan karkara a kan kwamin. Kwamin kan damƙa aikin ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, masu shan ruwa kuma su kafa ƙungiyarsu, wadda a takarda ake kira AUSPE. A cikin kuɗin ruwan da kake biya akwai kason da aka tanada don sabunta kaya da faɗaɗa bututu, ana kiran asusun FRE. Wato abin da nake faɗa maka yana rubuce. Haƙƙinka ne ka tambaya ta hannun ƙungiyarku: nawa ya shiga asusun nan bana, nawa ke ciki, wa ke sa hannu?

Masu hasken rana su ƙara kula. Da yake ba a sayen gazuwal, sai a ga kamar ruwan kyauta ne, a ce a rage kuɗi. Allunan hasken rana suna iya kai shekara 20 ko fiye, amma famfon da ke cikin foraji da akwatin wutar ba su kai haka ba, kuma ranar da suka ƙone kuɗi mai yawa ake nema a lokaci guda.

Aikinka, kai da ka yi yaƙi da jahilci

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kai da ke karanta wannan takarda da kanka, kana da abin da garinku ke buƙata. Ka iya rubuta Hausa, ka iya tarawa da rabawa. Lissafin da na nuna maka bai wuce abin da aka koya maka a aji ba. Yawancin kwamitocin da suka rushe, littafi ne babu, ko kuwa akwai shi amma mutum ɗaya ne kaɗai ke iya karantawa.

Kafin kuɗin kaka su watse, ka yi abu huɗu. Ka karanta wa maigari da ƴan kwamiti wannan takarda. Ku kira mai gyara ku yi masa tambayoyin nan uku. Ka rubuta lissafin da manyan baƙaƙe a allo ko a bangon mangaza inda kowa zai gani. Sannan a tara gari a yanke abin da kowane gida zai zuba, a fara karɓa a wannan wata. In jika 2 ta yi nauyi bana, a fara da abin da aka iya, a rubuta gibin da ya rage don kowa ya san da shi. Da yayyafi kogi kan cika.

In kun gama da famfo, ku yi wa injin niƙa irin wannan lissafi, ku yi wa rufin rumbun tsimi. Garin da ya gwada, ya rubuto wa gidan rediyo da Hausa yadda abin ya kasance, da abin da ya yi wuya, don wasu garuruwa su ƙaru.

Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya kai mu damina mai zuwa lafiya.

Naku, malamin gona.